Ginin da Malam Ya Ɓoye wa Nguru

Maigidana mutum ne da ko atishawa ce ta zo masa sai ya duba hagu da dama kafin ya sake ta. Malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare a Nguru, Babarbare gaba da baya, ni kuma Bafillatana ce haifaffiyar Gashuwa, don haka tun da aka kai ni ɗakinsa ba mu taɓa rasa abin tsokanar juna ba. Shi yakan ce Fulani ba su san gini ba sai bukka, wadda iska ke ɗauka ta kai wa maƙwabta. Ni kuma in ce Barebari ko haihuwa aka yi musu sai yaro ya fara tafiya ake sanar da dangi. Wasa nake yi, amma a kan Malam saura ƙiris ya zama gaskiya. Yana tsoron bakin mutane fiye da yadda yake tsoron maciji. A wajensa duk abin alherin da aka faɗa tun bai tabbata ba, to an kashe shi. Keken ɗinkin da ya saya mini ma sai da ya daɗe a ƙarƙashin gado cikin kwalinsa kafin ya gaya mini ni ya saya wa.

Abu ɗaya na taɓa ji ya faɗa tun bai yi ba, shi ne alkawarin da ya yi wa mahaifiyarsa. Iya tana zaune a Gashuwa, a tsohon gidan da mahaifinsa ya bari tun yana fataucin busasshen kifi, can gangare kusa da kogi. Ɗakin ƙasa ne mai rufin azara. Da damina sama ta yi yoyo, ƙasa ta yi danshi, bango ya jiƙe har gwiwa. Mun yi mun yi ta dawo wajenmu, ta ce ita ba ta zaman gidan haya, ba za ta tsufa ba sannan wani ƙato ya riƙa yi mata sallama duk ƙarshen wata. Gidan ɗanta dai, ko akurki ne za ta shiga. Wata rana mun je gaishe ta bayan wani ruwa mai ƙarfi, muka tarar tana fama da jiƙaƙƙiyar katifa za ta ɗora a katanga. Malam ya karɓa ya ɗora mata, ya tsaya yana kallon ruwan da ke ɗiga daga katifar.

"Iya, in Allah ya yarda zan yi miki ɗaki a gidana," in ji shi.

Yana faɗa ya waiga ya ga ko wani ya ji. Ni kaɗai ce a wurin, sai wata tunkiya.

Daga nan muka shiga shekarun "zan je in duba wani abu". Ya sayi fili a bayan layin dogo bai gaya mini ba. Ya sa harsashi bai gaya mini ba. Ni dai na ga siminti a naɗin ƙafar wandonsa, na ga shinkafar da ya noma a fadama ta wuce ba ta biyo ta kicin ɗina ba, na ga nama ya zama baƙon ranar Juma'a. Mace ba sai an buga mata ganga ba. Na ja bakina na yi shiru, na ce bari in ga gudun ruwansa.

Zanen gidan ma shi ya yi abinsa, kuma na san inda ya samo awon. Yayana na Gashuwa ya gina falo ƙafa goma sha biyu kowane gefe, irin na kowa da kowa. Da muka je gaisuwar Sallah sai na ga Malam ya miƙe da waya a kunne, yana tafiya daga wannan bango zuwa wancan, diddige na taɓa yatsa, yana cewa "eh, eh, ina jin ka". Wayar kuwa cajinta ya ƙare tun muna Jajimaji, a jakata ma ya ce in duba masa caja. Da ya dawo ya ƙara ƙafa ɗaya da ɗan ɗoriya a kowane ɗaki na gidansa, don kada a wayi gari a ce Bafillace ya fi shi falo.

To gini ba ya yiwuwa sai da kaya, kaya a hannun mutane suke, mutane kuma suna da baki. Sai Malam ya samo dabara, kowane mai kaya ya ba shi labari dabam. Ya je wajen mai katako, wani Alhaji Bakano mai son hira, ya ce rumfar awaki zai yi. Ya tafi takanas har Gashuwa wajen wani mai walda Babade, don kada a gan shi a Nguru, ya ce wani abokinsa ne zai buɗe shago yana son ƙofa da tagogi. Mai kwanon rufi kuwa, wani Ibo da ya daɗe a garin har ya fi ni iya cin burabusko, abincin Barebari, shi aka gaya wa cewa yoyo za a ɗan toshe a gidan haya. Birkilan da ke aikin ma ba a taɓa nuna masa gidan duka ba. Kullum bangon da zai yi ranar ake faɗa masa.

Kowa kuwa ya yi masa adalci daidai da labarinsa. Alhaji ya ce ai akuya ba ta duba katako, ya shiga can bayan shago ya zaɓo masa masu lanƙwasa da masu ƙulli, ya yi masa sauƙi, Malam ya dawo gida yana ta fara'a ya ci riba. Mai walda ya ƙera ƙofar shago mai ganye biyu, faɗinta sai ka shiga da amalanke, da tagogi masu buɗewa sama, kowace da kantar ɗora kaya. Da suka iso sai da aka fasa bangon da aka riga aka gama, har linta, wato simintin saman ƙofa, kafin su shiga. Ibo ya ce tunda faci ne ba sai an wahala ba, ya yi ta ba shi gajerun kwano. Ita kuma ƙafa ɗayar nan da aka ƙara don a fi yayana, ita ta cinye sauran. Duk katakon da aka ɗora sai ya tsaya a hanya bai kai bango ba, sai an yanko wani sabo an yi masa ƙari, ragowar a jefar. Silin ma haka, a jera uku su kusa kaiwa, a yanka na huɗu saboda ɗan siririn wuri. Kafinta ya yi amfani da zarto fiye da guduma.

A gefen ginin wani tsibi ya tashi na guntayen katako da yankakken kwano da fasassun bulo. Unguwar ta ji daɗin Malam ƙwarai. Mata suka daina sayen itace. Kaji suka samu akurki mai rufin kwano, abin da kakanninsu ba su taɓa gani ba. Ramin da ke tsakiyar layi, wanda ya daɗe yana kayar da masu babur, ya cike da bulonmu. Kowane gida ya amfana da ginin nan in ban da namu. Maganar ɓoyewa kuwa, mai amalanken shanun da ke kawo yashi ya gama da ita tun makon farko. Nguru duka ta sani. Abin da ya fi ba ni dariya, har yanzu in na tuna, shi ne yadda garin ya haɗu ya rufa masa asiri, kada ya san an sani. Sai ya wuce a babur mutane su ce ga mai awaki nan, in ya tsaya a gaisa a tambaye shi makaranta da yara.

Ranar da ya ga ba makawa, ya ɗauke ni a babur bayan la'asar, ya ce akwai abin da zai nuna mini. Na shirya mamakina tun daga gida, na kuma yi shi yadda ya kamata, har da riƙe baki. Amma da na ga ƙofar falon, mamakin gaske ya zo ya ture na aro. Na tambaye shi me za mu riƙa sayarwa. Da muka shiga ɗakin kwana na ga taga da kantar shago, na ce madalla, in na soya ƙosai sai in riƙa miƙa wa masu saye daga kan gado. Ya ce Bafillatana me ta sani game da gini. Na ce ba ta san komai ba, amma bukkarmu ba ta taɓa barin tsibin da ya fi ta tsawo ba.

Sai na ce ina ɗakin Iya. Ya kai ni gefen gabas ya nuna mini turaku huɗu da igiya. Ya ce da gangan ya bar shi ƙarshe, don hannun birkila ya gama faɗawa a kan namu kafin a taɓa nata. Niyyar ta yi kyau, ban musa ba. Sai dai abin hannu ya ƙare. Bulon da ya rage da ɗan kwano da katakon da ke jingine a falo, da buhunan shinkafar ƙarshe da bai sayar ba, duka na ɗaki ɗaya ne cif, in ba a yanka komai an zubar ba. Shi kuwa da na duba igiyar sai na ga ya ƙara wa ɗakin Iya ƙafa biyu a kan na kowa, wai girmamawa.

Cikin bazarar nan na je Gashuwa suna, na biya na gaida Iya. Na tarar da ita a tsakar gida tana tsinke hancin barkono. Da na shiga ɗakinta in ajiye mayafi, sai na ga haske ta inda ba taga. Bangon yamma ya tsage tun daga sama, har ina hango zanin maƙwabciya a kan igiya. Azara ɗaya ta sunkuyo daidai kan gado, an tokare ta da tsohuwar taɓarya a kan turmi. Na fito na ce Iya, wannan fa? Ta ce bana ma Allah zai rufa asiri, ta ci gaba da barkononta. Ba ta tambaye ni maganar alkawari ba, ba ta taɓa tambaya ba. Wannan shirun nata ya fi komai ƙona mini rai. A mota ina dawowa na yi kuka, na ce wa ta kusa da ni barkono ne a hannuna.

Ban jira Malam ya gama cin tuwo ba. Na ce masa ɗakin Iya ba zai ga ƙarshen wannan daminar ba, in kuma ya sake ginin ɓoye irin na baya, kaya za su ƙare rufi bai rufu ba. Na ce tun ran gini tun ran zane, ya tara masu kayan nan tun ba a aza bulo ko ɗaya ba, ya gaya musu gaskiya, kowa ya faɗi abin da yake da shi da yadda yake. Ya ajiye loma ya dube ni kamar na ce ya shiga kasuwa ba wando.

"In tara mutane in ce musu ga abin da zan yi? Ke kin san baki kuwa?"

"Na san baki, Malam. Na kuma san azara. Wadda ke kan Iya taɓarya ce ke riƙe da ita."

Ya wanke hannu ya tafi masallaci tun ba a kira salla ba. Na san halinsa, maganar ta shiga, amma ko shekara zai yi ba zai iya buɗe baki ya kira kowa ba.

Sai na bi ta hanyar mata. Matar Ibon nan ƙawata ce, tare muka yi awon ciki a asibiti, tana sayar da garin rogo da agushi a bakin kasuwa. Da na gaya mata ta yi dariya har sai da ta dafa tebur. Ta ce mijinta ya daɗe yana cewa yoyon gidan Malam ya fi kogin Gashuwa ruwa, shekara da shekaru ana toshewa bai toshu ba. Ta ɗauki nauyin kawo shi, shi kuma ya taho da Alhaji mai katako. Yayana ya sa mai walda a mota, bayan ya tambaye ni ko gaskiya ne falon Malam ya fi nasa, na ce ya fi, har da kanta. Birkila ni na aika aka kira shi.

Ranar Asabar da hantsi na riga Malam zuwa wurin a keke mai ƙafa uku, da tabarma da fura da nono. Na shimfiɗa musu a inuwar dogonyaro, na shige ɗakin kwana na ɗage tagar shagon, na jera kofuna a kan kantar. Daga nan nake ganin komai. Can sai ga Malam a babur ya zo duba wani abu. Ya hango mutum huɗu zaune a filinsa na sirri. Na ga ya rage gudu, na ga ya gyara hula ya miƙe hanya zai wuce, kamar shi ma baƙo ne a unguwar. Alhaji ya ɗaga murya ya yi masa sallama. Sallama kuwa ba a wuce ta.

An daɗe ana gaisuwa, kowa ya riƙe fuskarsa. Ibo ya kama hannun Malam da hannu biyu, ya fara da gaisuwar Barebari ya ce, "Wushe, wushe, Malam. Ashe kai ne mai wannan gida? Kai, Allah ya sa albarka." Alhaji ya tambayi lafiyar awaki, ya ce shi dai ya yi yawo har Makka amma bai taɓa ganin awakin da ke da falo ba. Mai walda ya ce yaya abokin nan, ciniki yana tafiya? Birkila ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa, kafaɗunsa na rawa. Malam ya yi tsuru-tsuru, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ya ɗago ya hango ni ta tagar, na ɗaga masa ludayi. Na zaci zai tashi ya hau babur. Sai na ga ya cire hula ya ajiye a gwiwa, ya nuna turakun nan huɗu.

"Ɗakin mahaifiyata ne. Nata na Gashuwa ya kusa faɗuwa. Abin da ya rage mini ke nan, ina so ta shiga kafin ruwa."

Dariyar ta ɗauke. Alhaji ne ya fara magana, kuma da faɗa ya fara. Ya ce da Malam ya gaya masa gidan da uwa za ta zauna ne, wallahi da bai shiga bayan shago ba, yanzu ga shi an sa shi ya ɗauki alhaki da girmansa. Ibo ya ce shi tasa uwar tana can garinsu, shi ma ɗakinta ya fara ginawa kafin nasa. Na shiga dama fura da ƙarfi.

Kada dai a zaci mala'iku na tara. Ana gama jimami kowa ya tuna da kasuwarsa. Ibo ya ce uwa ta cancanci dogon rufi mai tsini irin na garinsu. Alhaji ya ce ƙwarai kuwa, don ya san katakon da irin wannan rufin ke ci. Mai walda ya ce tsohuwa tana son iska, taga uku. Birkila ya ce a sa ginshiƙi biyu a gaba don kwarjini. Na ce a raina shi ke nan, na kira kuraye rabon nama. Amma sai suka fara cin junansu. Mai walda ya ce dogon rufin nan, iskar farkon damina ta Nguru za ta ɗauke shi ta sauke a Nijar. Ibo ya ce taga uku sai ka ce gidan burodi. Birkila ya ce kowace taga da lintarta da rodinta, wa zai saya? Alhaji ya ce ginshiƙi kuma na mene ne, hakimi za a naɗa? Kafin furar ta ƙare kowa ya tsige wa ɗan'uwansa abin da ya ƙara, aka dawo kan ɗaki ɗaya, ƙofa ɗaya, taga ɗaya babba ta kudu.

Sai aka zo kan awo. Malam ya ce katako ai ƙafa goma sha biyu ne. Alhaji ya yi gyaran murya ya ce to, sha biyu dai sunansa ne, ba tsawonsa ba, shi tun da ya gaji sana'ar bai ga wanda ya cika ba. Ibo ya ce kwano ma in an jera, kowane yana hawa kan ɗan'uwansa, faɗin da ka saya ba shi ne faɗin da zai rufe ba. Birkila ya ce bulon bana ya ɗan rame, masu bugawa sun matse abin bugun. Duk wannan ba wanda ya taɓa gaya wa Malam, don ba wanda ya taɓa sanin me yake yi. Ya tashi ya ɗauko tef daga akwatin babur, ya auna katako na gaske, ya auna bulo na gaske, ya sa Ibo ya jera kwano biyu a ƙasa ya auna. Ya karyo tsinken dogonyaro ya share yashi da tafin hannu. A nan na ga mutumin da ɗalibai ke yabo. Ya fara daga kayan ya koma baya zuwa ɗakin, yana zane yana gogewa, su huɗun sun kewaye shi suna gardama, har ya samo tsawo da faɗin da katako zai hau bango da bango ba zarto, kwano ya sauka daga sama har ƙasa ba almakashi, bulo ya zagaye ba a fasa ko ɗaya ba.

Da ya miƙe ya kalli zanen sai fuskarsa ta canza. Ɗakin ya fi namu ƙanƙanta. Ya ce ina, ba zai kwana a ɗakin da ya fi na uwarsa girma ba. Aka yi ta lallashi. Ibo ne ya kashe maganar.

"Malam, babban ɗaki da rabin rufi, ko wannan da rufi duka? Mama ruwa ne ya dame shi, ba faɗi ba."

Malam ya je da kansa ya tumɓuke turaku biyu ya matso da su ciki. Mai walda ya ce saura abu ɗaya, gadon Iya. Ya san gadon, tsohon gadon ƙarfe ne mai rumfa, ya sha yi masa walda a ƙafa har ya zama ba ya kwancewa. Ƙofar da aka saba yi ba za ta shigar da shi ba. Ya buɗe hannuwa ya nuna faɗinsa, birkila ya sa alama. Ya ce tagogin shagon da suka rage a falo zai tafi da su ya mayar da su taga ta mutunci da ƙyaure. Ibo ya ce a dawo masa da gajerun kwanon da ba a buga wa ƙusa ba ya musanya da dogaye. Alhaji ya ce a kwaso masa katakon awakinsa, ba ya son ya sake ganinsu a gidan mutane.

Malam bai yi mini faɗa ba, amma ya zauna jiran masifa. Ya tabbata tunda an faɗa, baki zai kama. Bango na kaiwa linta kuwa zazzaɓi ya kwantar da birkila. Ya shigo gida ya tsaya a kaina ya ce kin gani ko? Na ce sauro ne ya cije shi. Ya ce sauron ma da me yake cizo? Ga gabas ta fara haɗa gira, da yamma iska ta taso da ƙanshin ƙasa, an ce an yi yayyafi a wajen Yusufari. Ni ma, in faɗi gaskiya, na tsorata. Kullum taɓaryar nan nake gani.

Sai dai abin da Malam bai lissafa ba shi ne, mutanen nan sun riga sun mayar da ɗakin nasu. "Ɗakinmu" suke cewa. Alhaji ya samo wani birkilan ya ƙarasa, ya kawo kafintan da ke yi masa aiki a gidansa. Kullum bayan la'asar sai sun zo dubawa da gardama. Ibo da tumbinsa ya hau tsani yana ƙirga ƙusa yana faɗa da kafinta, matarsa a ƙasa tana cewa in ya faɗo ita ba ta da mai ɗaga shi. Ba a banza ake cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka ba. Ranar da aka buga ƙusar ƙarshe aka share wurin, abin da ya rage bai cika bokitin fenti ba. Wata maƙwabciya ta leƙo da igiyar ɗaurin itace, ta duba nan ta duba can, ta tambaye ni ko lafiya, ko mun ji wata magana ce daga bakinta.

Mu muka fara tarewa, sannan muka ɗauki a-kori-kura muka tafi Gashuwa. Iya ta ce ita ba yau ba, ba ta sallami maƙwabta ba, wa zai duba mata ɗaki. Malam ya durƙusa ya yi mata magana da Barbarci ƙasa-ƙasa, ban ji duka ba. Ta tashi ta ɗauki mayafi. Aka ɗora gadon a tsaye, aka ɗaure da igiya, ya bi hanyar Nguru rumfarsa na kaɗawa, mai walda zaune a gindinsa don ya ce sai ya gani da idonsa. Gadon ya shiga ƙofar bai gogi ko gefe ɗaya ba. Iya ta shiga ta taɓa bango, ta ɗaga kai ta kalli silin, ta ce Allah ya yi albarka. Daga nan ta tambaye ni me muke sayarwa a falo.

Ruwan farko da rana ya zo, bayan azahar. Gari ya yi duhu, iska ta kwashe mini shanya, sai ga shi kamar da bakin ƙwarya. Na ruga ɗakin Iya in rufe mata taga, Malam na biye da ni. Muka tarar ta jawo wani buhu daga ƙarƙashin gado tana fitar da tsofaffin robobi da tasoshi da wata langa mai lamba. Da sauri take yi, ba ta ko kalle mu ba. Ta ajiye ɗaya a ƙafar gado, ɗaya bayan ƙofa, ɗaya a kan akwati, babbar a tsakiyar ɗaki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ita kuwa na tsohon ɗakinta ta haddace, a nan take jera su wuri bayan wuri. Ta naɗe katifa ta tura gefe, ta tsaya da tsumma a hannu tana kallon sama.

Na buɗe baki zan yi tsokana, Malam ya taɓa mini hannu. Muka tsaya. Ruwa na dukan kwano har ba a jin magana. Ta duba ta ƙafar gado, ta duba ta bayan ƙofa, ta sa yatsa a cikin langar ta murza. Ta sake zagayawa. Can ta zauna a bakin gadon, a kan ƙarfen, tsumman na kan cinyarta. Ta daɗe a haka. Da ruwan ya ɗan lafa sai ta juyo wajen ɗanta.

"To yanzu me ake yi?"

"Ba komai, Iya."

"Haka mutane suke yi in ana ruwa? Zama kawai?"

Malam ya ce eh, zama kawai. Ya juya ya ce zai je ya duba wani abu, ya fita tsakar gida ba laima, ya tsaya a cikin ruwan ya ba mu baya. Ni na warware katifar na shimfiɗa mata, na zauna kusa da ita, muka ci gaba da saurare.